Tarihin Yadda Aka Kama Haske Aka Shata Masa Hanya, Daga Bagadaza Har Zuwa Sakkwato

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci haske ya ba shi ɗabi'ar da ba ta saɓawa, ya kuma hore wa ɗan Adam hankalin da zai bi diddigin wannan ɗabi'a har ya ci moriyarta. Bayan haka, abin da nake nufin bayyanawa a nan shi ne tarihin wata mas'ala guda ta ilmin haske, wadda masana suka yi ta miƙa wa juna fiye da shekara dubu, wato yadda ake tsare haske cikin siririn fallen gilashi ya bi hanyar da aka shata masa ko da ta lanƙwasa, da salailan tafiyar da fallen yake yarda da su, da haddin da in an ƙetare shi hasken yake kuɓucewa. Mas'alar ta shafe mu kai tsaye, domin duk saƙon da ya tashi daga wayar hannu a Mabera ko Runjin Sambo ko Kanwuri ya nufi Makka ko Landan, mafi yawan tafiyarsa walƙiyar haske ce cikin gilashi, kuma da ba a warware wannan mas'ala ba da bai isa ba.

Asali: Iskandariyya, Bagadaza da Alƙahira

Waɗanda suka fara ɗora ilmin gani bisa ƙa'idar hisabi su ne hukaman Yunan da ke Iskandariyya ta Masar. Uƙlidisu, wanda ya rayu wajen shekara 300 kafin Miladiyya, ya gina bahasinsa a kan cewa haske miƙe yake tafiya, ko da yake ya ɗauka daga ido yake fita ya je ya taɓo abin da ake kallo. Bayansa da shekara fiye da 400, Baɗlimusa ya auna yadda haske ke karkata in ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi, ya jera kusurwoyin a jadawali. Awon nasa ya kusanci gaskiya, amma ƙa'idar da ta ɗaure lambobin ta ɓuya masa.

A Bagadaza aka fara riskar wannan ƙa'ida. Wajen shekarar 984, daidai da 374 ta Hijira, Abu Sa'ad ibnu Sahal ya wallafa risala a kan madubai da gilasai masu ƙona abu da hasken rana, kuma da yake muradinsa shi ne ya sassaƙa gilashin da zai tara haske duka a ɗigo ɗaya, dole ta sa shi ya nemi ainihin nisbar karkatar, har ya tabbatar da cewa nisba ce guda da ba ta canzawa ga kowane jiki. Ita ce muke kira mizanin karkatarwa a yau: na iska kusan 1, na ruwa 1.33, na gilashi kimanin 1.5. Ma'anarta kuwa, kamar yadda na baya suka gano, ita ce yawan jinkirin da jikin ke sa wa haske, domin hasken da ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa cikin sarari, in ya shiga gilashi 200,000 kawai yake ci. Ganyayyakin risalar sun warwatsu tsakanin ɗakunan littattafan Dimashƙa da Tehran, ba a bi ta kanta ba, sai da masanin tarihin hisabi Rushdi Rashid ya harhaɗa su ya bayyana wa duniya a 1990.

Sai kuma Hasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra a 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An ce ya yi wa halifan Faɗimiyya, Alhakim, alkawarin zai daidaita ambaliyar kogin Nilu, da ya je ya ga aikin ya fi ƙarfinsa sai ya ƙirƙiri hauka don gudun fushin halifa, aka tsare shi a gida har Alhakim ya kau a 1021. Wannan riwaya ce da Ibnul Ƙifɗi ya kawo bayan wajen ƙarni biyu, saboda haka a matsayin riwaya za a riƙe ta. Abin da yake tabbatacce shi ne littafinsa Kitabul Manaziri, mai juzu'i bakwai, wanda a cikinsa ya kafa hujja cewa haske daga abin kallo yake tasowa ya shiga ido, ya kuma mai da jarrabawa da awo su zama alƙalan kowace da'awa. A kan wannan turba Kamaluddin Alfarisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa, ya bi haske yana shiga, yana buga bayan ƙwallon daga ciki, yana komowa ya fita, ya bayyana asalin bakan gizo da haka.

Kusurwar haddi da igiyar haske, 1611 zuwa 1823

Da aka fassara littafin Ibnul Haisam zuwa Latin, ilmin ya ƙaura Turai. A 1611 Kepler na Jamus ya lura cewa hasken da ke cikin gilashi, in ya nufi fita zuwa iska a kishingiɗe ƙwarai, ba ya fita ko kaɗan, sai ya koma ciki gaba ɗayansa. Snell na Holan ya sake gano ƙa'idar Ibnu Sahal a 1621, Descartes na Faransa ya buga ta a 1637, daga nan aka iya lissafa inda wannan komowa take farawa. Sharaɗinta biyu ne: hasken ya kasance yana cikin jiki mai babban mizani yana neman shiga mai ƙarami, kuma karkatarsa daga layin da ya tsaya cak a kan iyakar jikunan biyu ta wuce wani miƙdari sananne, wato kusurwar haddi, wadda tsakanin ruwa da iska take kusan digiri 49, tsakanin gilashi da iska kuwa kusan 42. Fifikon wannan komowa a kan ta madubi shi ne, madubi yana cinye wani kaso na haske duk bugu ɗaya, ita kuwa ba ta cin kome, ko da za a maimaita ta sau dubu dubu.

Mutumin Sakkwato ya san 'yar'uwar wannan al'amari tun kafin a karanta masa shi. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, matafiyi a kan hanyar Illela ko ta Gusau yakan hango kamar ruwa kwance a kan kwalta, in ya iso ya tarar babu kome. Sababin kawalwalniya shi ne iskar da ke manne da kwalta ta fi ta samanta zafi da sauƙi, mizaninta ya fi ƙanƙanta, sai hasken da ya gangaro daga sama a kishingiɗe ya yi ta lanƙwasa sannu a hankali har ya juyo sama ya shiga ido, mutum ya ga hoton sararin sama a ƙasa ya zaci tafki ne.

Wani abu kuma ya rage wanda layi da kusurwa ba su isa su bayyana ba. Newton ya ambata a littafinsa na 1704 cewa in aka kusanto da gilashi na biyu dab da wurin komowar, haske yakan tsallaka zuwa gare shi tun ba su gama haɗuwa ba, alamar cewa hasken yana ɗan leƙawa waje kafin ya koma. Huygens ya riga ya ce a 1690 haske igiya ce mai kaɗawa irin ta ruwa. Thomas Young ya ƙarfafa wannan a farkon ƙarni na 19 da ya nuna haske biyu suna iya haɗuwa su ƙaru, suna kuma iya haɗuwa su kashe juna. Fresnel kuwa a 1823 ya lissafa cewa duk lokacin da igiyar ta yi cikakkiyar komowa, takunta yana ɗan gocewa da wani miƙdari. Waɗannan abubuwa uku, leƙawa da kashe juna da gocewar taku, su ne ginshiƙan duk abin da zai biyo.

Sakkwato a wannan zamani, 1809 zuwa 1837

A daidai shekarun da Young da Fresnel ke wannan bahasi ne Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815 har Allah ya karɓi ransa a 1817, daidai da 1232 ta Hijira. Jama'ar da ta kafa daular Sakkwato jama'ar alƙalami ce, kuma karatunta bai tsaya ga fiƙihu da tauhidi da lugga ba: Sarkin Musulmi Bello ya yi talifi a kan ɗibbu, har da maganin ciwon ido, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, ya yi rubutu a kan falsafa, ilmin hisabi da na falaki kuwa dole ne ga mai raba gado da mai tsai da alƙibla da lokutan salla.

Muna da shaida rubutacciya daga bakin baƙo. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya rubuta cewa da ya nuna wa Bello kayan awon taurari da taswirar sama, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Da ya komo a 1826 ya zo da kyautar littattafan Larabci, cikinsu har da littafin handasa na Uƙlidisu, kuma bisa abin da ya rubuta, Bello ya yi farin ciki da shi matuƙa, ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafin da wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, gobara ta cinye shi. Clapperton ya mutu kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827, Bello ya rasu a Wurno a 1837. Abin da wannan labari ke tabbatarwa shi ne tushen handasar da ilmin haske ya tsiro daga gare shi ya iso ƙasarmu ta hanyar alhazai tun kafin Turawa su kawo shi, kuma shugaban daula da kansa ya san darajarsa.

Daga bututun ruwa zuwa bututun ƙarfe, 1841 zuwa 1957

A 1841 Daniel Colladon, malami a Janeba ta ƙasar Suwizalan, ya huda tulun ruwa a gefe, ya shigo da haske ta bayan hudar, sai ɗalibansa suka ga haske ya shiga cikin ruwan da ke tsartuwa ya bi shi yana lanƙwasa har ƙasa, domin duk inda ya nemi fita sai ya tarar da iyakar ruwa da iska a kusurwar da ta wuce haddi. John Tyndall ya maimaita wannan a Landan a 1854, abin ya shahara, amma shekaru da yawa ba a ɗauke shi bakin kome ba face abin ƙawata maɓuɓɓugai da dandalin wasanni.

Canjin ya zo ta wata ƙofa dabam. Maxwell ya nuna da lissafi a 1865 cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, jinsinsa ɗaya da abin da daga baya aka sani da igiyar rediyo, bambancinsu tsawon zango ne kurum: mai sauraron rediyo ya saba da gajeren zango na mita 49 ko 31, zangon hasken da ido ke gani kuwa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Da wannan lissafi Lord Rayleigh ya tambayi kansa a 1897 yadda irin wannan igiya za ta ratsa bututun ƙarfe, ya tarar da abu biyu da ba a zata ba: igiyar ba ta tafiya yadda ta ga dama, sai bisa wasu salailai ƙidayayyu, kuma kowane salo yana da haddi, in zango ya fi shi tsawo salon ya mutu a bakin bututu. A 1910 Hondros da Debye suka nuna cewa sandar da ba ta ƙarfe ba, irin ta gilashi, ita ma tana riƙe igiya bisa salailai. Southworth da Barrow, kowa da nasa aikin a Amurka, suka tabbatar da bututun ƙarfe a aikace a 1936, Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da shi ƙashin bayan na'urar hango jiragen sama. A 1947 Goos da Hänchen suka auna leƙawar nan da Newton ya hanga.

Zaren gilashi kuwa ya daɗe yana yoyo, saboda duk inda yatsa ko ƙura ko wani zare ya taɓa shi, haske ya sami mafita. Maganin da van Heel na Holan ya buga a 1954, Lawrence Curtiss ya kammala shi a Jami'ar Mishigan a 1956, shi ne a sa wa zaren riga ta wani gilashi mai mizani ƙasa da nasa, iyakar komowa ta koma can ciki inda hannu ba ya kai. A 1957 likita Hirschowitz ya leƙa cikin tumbin mutum da irin wannan zare.

Warware mas'alar falle, 1960 zuwa 1974

Da Maiman ya kunna leza ta farko ranar 16 ga Mayu 1960, aka sami haske mai zango guda tsantsa, wanda za a iya ɗora wa saƙo. A 1962 aka yi leza ƙarama daga sinadaran da ake yin taransista da irinsu, a 1963 Yariv da Leite suka bayyana cewa abin da ke tsare haske cikinta wani siririn falle ne da mizaninsa ya ɗara na kewayensa. A 1969 Stewart Miller na ɗakunan binciken Bell ya yi kira da a shimfiɗa hanyoyin haske a kan faranti guda yadda ake shimfiɗa na lantarki, abokin aikinsa Tien da mutanensa suka sami dabarar cusa haske cikin falle ta gilashi mai kusurwa uku, har suka ga salailan da idonsu, layi layi a jikin allo. Kogelnik da Ramaswamy suka taƙaita lissafin duka a 1974. Ga abin da aka tsaya a kai.

A ɗauki falle uku a shimfiɗe bisa juna, na tsakiya mizaninsa ya fi na sama da na ƙasa, waɗanda su ne rigarsa. Haske ya shiga ta gefe, yana bugun rufi yana bugun daɓe yana ci gaba. Mai lissafi da layi kaɗai zai ce duk kusurwar da ta wuce haddi ta halatta, amma da yake haske igiya ce, akwai sharaɗi na biyu: in igiyar ta hau ta sauko ta komo matsayinta, tilas takunta ya dace da na igiyar da ke biye da ita, bayan an haɗa da gocewar da Fresnel ya lissafa a bugu biyun, in kuwa bai dace ba sai su kashe juna cikin ɗan taƙi. Saboda haka kusurwoyi ƙidayayyu ne kawai ke rayuwa, kowace ɗaya ita ce salo guda. Misalinsa tsirkiyar gurmi, wadda da yake an ɗaure ta kai da gindi, ba ta iya kaɗawa sai da ciki ɗaya, ko biyu, ko uku, babu ɗaya da rabi. Haka salo na farko yake da haske tumbi guda a tsakiyar falle, na biyu tumbi biyu da duhu a tsakaninsu, na uku tumbi uku, kuma kowannensu yana da jela da ke leƙawa cikin riga tana dusashewa da sauri. Salailan kuma gida biyu ne, gwargwadon ko ƙarfin lantarkin igiyar ne yake kwance daidai da shimfiɗar falle ko na maganaɗisunta.

Salo na farko shi ne mafi kishingiɗa, kusan miƙe yake tafiya. Kowane na gaba ya fi na bayansa tsayuwa, ya fi shi kusa da kusurwar haddi. To, in aka yi ta rage kaurin falle, ko aka ƙara tsawon zango, ko aka rage ratar mizani tsakanin tsakiya da riga, sai kusurwar kowane salo ta yi ta matsowa, jelarsa ta yi ta tsawo cikin riga, har a kai inda kusurwar ta yi daidai da ta haddi, jelar ta miƙe ba iyaka, hasken ya daina zama ɗan gida ya watse. Wannan shi ne haddin yankewar salon. Lissafinsa, in rigar sama da ta ƙasa iri ɗaya ce, bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba: a ninka mizanin tsakiya da kansa, a ninka na riga da kansa, a ɗebe ƙarami daga babba, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ragowar, a ruɓanya ta biyu, a raba tsawon zango da abin da ya fito. Sakamakon shi ne kaurin da salo na biyu ke haihuwa a kansa, kuma duk ƙarin kauri irin wannan yana shigo da salo ɗaya. In tsakiya 1.50 ce, riga 1.48, zango maikiron 1.55, kaurin zai kama kusan maikiron 3.2, fallen da bai kai haka ba salo ɗaya yake ɗauka a kowane gida, mai maikiron 10 kuwa huɗu. In tsakiyar silikon ce mai mizani 3.48, rigar kuma gilashin silika mai 1.44, kaurin ya sauko zuwa kusan nanomita 245, wato maikiron 0.245, shi ya sa masana'antu da yawa suka tsaya a kan falle mai nanomita 220.

Akwai wani hukunci mai ban sha'awa a ƙarshen lissafin. In riguna biyun iri ɗaya ne, salo na farko ba shi da haddi sam, kome sirantar falle zai riƙe shi, sai dai mafi yawan hasken ya koma tafiya cikin jela. In kuwa sun bambanta, kamar gilashi a ƙasa iska a sama, har salo na farko yana da kaurin da in an gaza shi falle ba ya riƙe kome.

Abin da ya biyo baya, 1966 zuwa 1988

Mai karatu zai tambayi dalilin da ya sa ake wahalar neman salo ɗaya. Dalilin shi ne salailai ba sa isa tare: mai miƙewa ya riga mai yawan bugun bango. In ratar mizani kashi ɗaya ce cikin 100, tazarar isowarsu takan kai kashi 50 cikin biliyan na daƙiƙa a kowace kilomita, wanda a nisan Legas zuwa Sakkwato, kimanin kilomita 1,000, zai sa walƙiyoyi su cakuɗe da juna in sun wuce wajen 20,000 a daƙiƙa, alhali ana bukatar biliyoyi. Haddin yankewa, wanda da farko aka ɗauka cikas ne, shi ya zama magani, domin da shi ake korar sauran salailai a bar guda.

A 1966 Charles Kao da George Hockham, a Harlow ta Ingila, suka kafa hujja cewa duhun gilashi daga ƙazantar ƙarfe yake, ba daga ɗabi'arsa ba, kuma in aka tace shi har kashi ɗaya cikin 100 na haske ya tsira bayan kilomita guda, zai yi aikin sadarwa. Maurer da Keck da Schultz na kamfanin Corning suka cim ma haka a 1970, shekarar da Alferov a Leningrad, da Hayashi da Panish a Amurka, suka sami leza mai falle uku da ke ci ba tsayawa cikin zafin ɗaki. A 1979 Japanawa suka kai inda kusan kashi 95 ke tsira bayan kilomita. Zaren da ake binnewa yau, tsakiyarsa maikiron 9 ce, rigarsa 125, ratar mizaninsu wajen sulusin kashi ɗaya cikin 100, an kuma gina shi yadda salo na biyu zai yanke kafin zangon nanomita 1,260, don a yi aiki a 1,310 da 1,550 da salo guda. A 1988 aka shimfiɗa irinsa na farko a ƙarƙashin Tekun Atalantika. Alferov ya sami lambar Nobel a 2000, Kao a 2009.

Isowarsa ƙasarmu, 1886 zuwa 2024

Wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan a 1886, ta jan ƙarfe ce, kuma don bukatar masu mulki aka ja ta. Bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, suka ja irinta zuwa manyan garuruwan Arewa saboda wannan bukata dai. Har aka sami mulkin kai a 1960 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai 20,000 ba. Aka kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, amma zuwa 2001 layukan ba su wuce kimanin 400,000 ba. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki, kuma da jama'a suka rungume ta, turakun sadarwa suka bukaci babbar hanyar da za ta kwashe abin da suke tarawa. Kebul ɗin zaren gilashi na ƙarƙashin teku, SAT-3, ya fara aiki a 2002. A 2010 Main One, wanda Funke Opeke ta jagoranta, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal, da Glo-1 suka fara aiki a Legas. WACS da ACE suka biyo a 2012, Equiano na Google a 2022. Daga bakin teku kamfanoni suka yi ta haƙa gefen manyan hanyoyi suna binne zare zuwa Arewa, har ya iso mahaɗar kogin Rima da na Sakkwato.

A kowane ƙarshen wannan zare akwai falle irin wanda muka bayyana: cikin lezar da ke haifar da walƙiya, da cikin ɗan farantin da ke raba haske ɗaya zuwa gida 8 ko 16 ko 32, da cikin wanda ke tsefe zanguna dabam dabam da suka taho cikin zare guda. Ma'aikacin da ke haɗa zaren gilashi ya san hukuncin haddi da hannunsa ko da bai karanta shi ba, domin in ya tura jan haske cikin zare ya lanƙwasa shi da yawa, yakan ga jan yana tsiyaya daidai gwiwar, inda kusurwa ta gaza.

Mun kuma ɗanɗani rashinsa. A watan Satumba na 2021 aka rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciniki da zumunci suka tsaya. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu suka yanke a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, aika kuɗi ta banki ya gagara a wurare da yawa, mai shago a nan ya ji raɗaɗin abin da ya auku a ƙarƙashin tekun da bai taɓa gani ba. A 2024 ɗin ne kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin ƙara kilomita 90,000 na zare a faɗin ƙasa.

Abin da ya wajaba a kanmu

Wanda ya bi wannan silsila zai ga cewa kowace al'umma da ta karɓi mas'alar ta ƙara mata wani abu kafin ta miƙa: Bagadaza ta ba da nisba, Alƙahira ta ba da jarrabawa, Turai ta ba da igiya, masana'antun ƙarni na 20 suka ba da tataccen gilashi. Mu kuwa har yanzu matsayinmu na mai saye ne da mai haƙa rami, kuma wannan bai dace da garin da aka kafa bisa karatu ba. Jami'ar da aka kafa a nan a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu ɗan Fodiyo a 1988, tana koyar da kimiyyar fiziya, tana kuma da cibiyar binciken makamashi tun 1982. Mas'alar falle uku ita ce ƙofar wannan fanni duka, kuma shigarta ba ta bukatar fiye da allo da alli, da ƙaramar leza, da malamin da ya fahimci abin da yake faɗa. Wajibi ne iyaye su daina tsorata 'ya'yansu da lissafi, malaman zaure su gaya wa almajiransu cewa Ibnu Sahal da Ibnul Haisam nasu ne, hukuma ta tsare zaren da aka binne daga masu gyaran hanya da ɓarayi, masu dukiya kuma su ɗauki nauyin ɗaliban da za su zurfafa a wannan ilmi har su iya ƙera abin da yau muke saye. Allah ya ba mu himmar yin haka, ya sa ilminmu ya zama mai amfani, amin.